Bindiga a Ɗakin Inna

Ina da shekara arba'in da huɗu na mallaki bindigata ta farko, kuma gara in faɗi gaskiya tun yanzu: ba tsoron ɓarawo ya sa na saya ba, bakin mutum ne. Akwai wani abokin aikina a kamfanin motocin da ke jigilar alhazai zuwa Arfa, mai dogon wuya da dogon surutu. Shi ya ja ni nadin harbi, wato kulob ɗin masu wasan bindiga, da ke kan hanyar Jidda wata Asabar bayan an tashi daga aikin Hajji, lokacin da duk muke zaune ba abin yi sai shan shayi. Aka ba ni 'yar mitsitsiyar bindiga ta masu koyo, na harba, ta ce tas kamar an fasa leda. Sai mutumin nan ya dafa kafaɗata a gaban jama'a, ya ce ai wannan ce daidai da ni, hannun da ya saba rubuta jadawalin direbobi ba ya ɗaukar abin da ya fi biro nauyi. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya a kusa. Ban bar wurin ba sai da na sa mai koyarwa ya nuna min babbar, wadda suke kira arba'in da biyar saboda kaurin harsashinta, na ce ita nake so, ita kuma zan saya.

Wata da watanni na yi ina bin ruhsa, wato takardar izinin mallaka. Na cika takardu, na je likita ya duba idona da hankalina, ya ce duka biyun lafiya lau, maganar da matata har yau take cewa a sake dubawa. Ranar da bindigar ta shigo hannuna kuwa na kasa cin abincin rana. Baƙa ce wuluk, ga nauyi. Irin mai ɗora wa kanta harsashi ce: ka ja kunama sau ɗaya ta harba ɗaya, murfin samanta ya ja da baya ya tofar da kwanso, ya dawo ya ɗauko na gaba, duk kafin ka ƙifta ido. Harsashin gajere ne mai ƙiba, kusan kaurin babban yatsana. Cusa shi a gidansa ma aiki ne, kafin in sa na bakwai yatsana ya yi ja.

Harbina na farko da ita ba abin alfahari ba ne. Mai koyarwa ya ce in kawar da babban yatsana na hagu daga bayan murfin, na ce na ji. Ban ji ba, hankalina yana kan mai dogon wuya da ke tsaye a bayana. Na ja kunama. Bindigar ta ɗaga hannuna sama, murfin ya dawo ya yanke min fatar yatsa, kwanso mai zafi ya tashi ya faɗa ta wuyan tobina, doguwar rigata, ya gangara har cibiya. Na shiga tsalle ina kakkaɓe ciki, mai koyarwa yana ihu in ajiye makamin tukuna sannan in yi rawata. Da aka jawo takardar da na nufa, fes take, ko ƙwarzane babu. Bawan Allahn da ke layin kusa da ni ne ya tsaya yana kallon wani ƙaton rami a tasa takardar, yana mamakin yaushe ƙaramar bindigarsa ta fara irin wannan aiki.

Duk da haka na kamu. Ba zan ɓoye ba, ina son abin nan. Ina son ƙarar murfin idan ya koma mazauninsa, ina son in warware ta a kan tsohuwar jarida in bi kowane lungu da mai da ƙyalle. Matata ce ba ta kamu ba. Ta ce ba za a kwana da ita da wannan a ɗaki ɗaya ba, in zaɓa. Sai na kira maƙeri ya kafa min hazna, akwatin ƙarfe mai makulli, da ƙusoshi huɗu a jikin bango, a cikin kabad ɗin ɗakin da ba kowa a cikinsa. Shaggarmu, wato sashenmu na gidan bene a unguwar Zahir ta Makka, ɗaki huɗu ce, wannan ɗakin kuwa tun da muka tare a rufe yake, yana jiran mai shi.

Mai shi ita ce Inna, mahaifiyata. Tun rasuwar babanmu take zaune ita kaɗai a tsohon gidanmu na Hindawiyya, hawa na uku, ba asansir mai ɗaga mutum sama, sai wani siririn bene da idan mutum biyu suka haɗu a kai dole ɗaya ya manne da bango. Gwiwoyinta sun gaji, ita ce dai ba ta yarda sun gaji ba. Shekara uku ina roƙonta ta dawo wurinmu, inda za ta danna maɓalli kawai a ɗaga ta sama. Ta ce Zahir ba mutane, sai ƙofofi. Ta ce wa zai riƙa kawo mata labarin unguwa? Sai da aminiyarta ta hawa na biyu ta koma wurin 'yarta a Jidda sannan, wata safiya ina shan kunu a gabanta, ta ce ba tare da ta dube ni ba: "Kai, ɗakin nan naka, ranar Litinin zan zo in gani."

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Kai ne, ko wannan, idan kuma ranta ya yi fari, ya waladi, wato ɗana. Ranar na sauko benen ina dariya ni kaɗai. Muka sa sabon labule, sabuwar katifa, darduma mai laushi. Haznar ce kawai ta gagara cirewa, maƙerin ya ce gobe in Allah ya so, goben kuma ta ƙi zuwa. Na ce a raina ai ba komai, kallon ɗaki za ta yi, ba za ta buɗe kabad ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in da huɗu da Inna ne fa ya yi wannan tunani.

Abin da ta fara buɗewa ke nan. Ko labulen ba ta kalla ba.

"Masha Allah," ta ce, fuskarta ta washe. "Ashe kana da hankali. Hazna ka sa min?" Ta juya wajen matata. "Kin gani? Yana sane da awarwarona da takardun babansa. Buɗe in ga ko za ta ci gwangwanin takardun."

"Inna, makullin ne..."

"Yana aljihunka na dama. Tun a mota nake jin ƙararsa."

Na dubi matata neman agaji, na tarar ta samu wani abu mai muhimmanci tana kallo a silin. Na buɗe. Ga ta nan kwance a kan jan ƙyalle, tana sheƙi, don daren jiya na goge ta. Inna ta daɗe tana kallo.

"Esh hada?"

Nan na sha jinin jikina. Hausar Kano Inna take yi da mu, irin ta iyayenta. Larabci na masu taksi ne da masu kanti, da kuma ranar da wani ya shiga uku.

"Musaddas ne, Inna. Bindiga. Da ruhsa, wallahi, ga takardar ma."

"Na tambaye ka takarda? A Makka? A cikin haramin Allah, inda ko tattabara ba a kora, ko ciyawa ba a tsigewa, nan ka kawo wannan ka shimfiɗa mata jan ƙyalle a ɗakin da ka ce nawa ne?"

Na fara bayani a kan wasanni da motsa jiki. Ta gyara abayarta, ta ce wa matata Allah ya ba ta haƙurin zama da ni, ta fita. Na bi ta da makullin mota, ta ce halas, ya isa, ta san hanyar taksi tun ban san hanyar bakina ba.

Daga nan aka shiga zaman jiran wanda zai fara gajiya. Ba ta yi fushi irin na ƙin magana ba, da ma hakan ta yi da ya fi min sauƙi. In na je za ta amsa gaisuwa, ta zuba min tuwo, ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Da zarar na taɓo zancen tarewa sai ta ce, "Tana nan?" In ce tana nan. Ta ce, "To ni ma ina nan." Sai ta ƙara min miya.

Na ga abin ya fi ƙarfina, na nemi Kawu, ƙanenta, autan gidansu. Shekara talatin ya yi yana tuƙa taksi a Hindawiyya kafin ya ajiye, kuma ya yi imani ba rigimar da ba zai iya kashewa ba idan aka ba shi shayi. Ya ce kafin ya shiga maganar dole ya ga wadda ake ƙara. Na fito da ita, na nuna masa ba harsashi a ciki, na miƙa masa. Tun daga yadda ya karɓa na san na yi kuskuren ɗan aike. "Ya salam!" ya ce. "Ya salam! Wannan ai ba bindiga ba ce, amarya ce." Ya daɗe yana juya ta kafin ya tuna abin da ya kawo shi.

Ya dai je wurin Inna. Matata ce ta samo min yadda aka yi, ta bakin maƙwabta. Wai ya zauna ya gyara murya, ya ce, "Yaya, na tambayi masana, sun ce abin da ke kulle a gida, da izinin hukuma, ba a yawo da shi, ba laifi."

Ta ce, "Kai auta, masanan ne za su kwana a ɗakin?"

Da yamma ya kira ni. Na ɗauka da sauri ina jiran albishir, sai ya ce ranar Asabar ƙarfe nawa za mu nadin. Na kai shi don kunya. Tsohon da bai taɓa riƙe bindiga ba ya sa tabarau, ya tsaya kamar mai jiran fasinja, ya zuba uku a tsakiyar takarda. A hanyar dawowa har shawara yake ba ni a kan yadda ake numfashi.

Sai zuciyar nan tawa ta taso. Na ce gidana ne, takardata halal ce, ni ba yaro ba ne da za a ce in zubar da abin wasa. Na ce wa matata ai ba a kaina gwiwa ke ciwo ba. Ta dube ni, na ji kunyar maganar tun kafin ta gama fita daga bakina, amma na dake. Kwana biyar ban taka Hindawiyya ba, abin da ban taɓa yi ba in dai ina gari.

Rana ta shida da hantsi na je, ina ta shirya sababbin hujjoji a mota. A tsakanin hawa na biyu da na uku na tarar da ita zaune a kan matakala, ledar burodi da ful, dafaffen wake, a gefenta, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen bene, tana haki. Da ta gan ni sai ta yi maza ta buɗe jakarta tana lalube, wai makulli take nema. Makullin yana rataye a wuyanta, ina ganinsa. Ban san tun yaushe take zaune a wurin ba, kuma ba wanda zai sani, don hawa na biyu yanzu ba kowa. Na ɗauki ledar, na tsaya ina kallon bango har ta gama neman makullinta ta tashi da kanta. Hujjojina duk suka zube a nan.

Washegari na kulle bindigar a akwatinta na kai ta nadin, inda suke da ma'ajiya ta mambobi, can bayan iyakar harami. Na tsaya a kan maƙerin sai da ya zo ya cire haznar, ya bar min ramuka huɗu a bango. Na je na gaya wa Inna, ina jiran a sa min albarka.

"Da bakinka ka faɗa," ta ce. "Kai ni in gani."

Haka na ɗauki tsohuwa mai shekara kusan tamanin zuwa nadin harbi. Ma'aikatan suka rikice, wannan ya kawo kujera, wancan ya kawo ruwa, kowa ya hajja, ya hajja. Aka buɗe ma'ajiyar, ta leƙa, ta tabbatar ita ce, har ta tambayi jan ƙyallen. Na ɗauka an gama. Sai ta ce tunda an zo, in harba ta ga abin da ya hana ni zuwa gaishe ta kwana biyar. Aka zaunar da ita bayan gilashi, aka ɗora mata abin toshe kunne a kan mayafi. Na tsaya, na yi numfashi irin na Kawu, na harba bakwai. Biyu suka taɓa gefen takardar, sauran biyar Allah kaɗai ya san inda suka tafi.

Da na fito ta cire abin kunnen ta miƙa wa ma'aikaci. "To, alhamdu lillahi," ta ce. "Ta wannan ɓangaren hankalina ya kwanta. Duk wanda ka nufa ya tsira."

Ma'aikatan ba sa jin Hausa, amma suka yi dariya, don fuskata ta fassara musu.

A hanyar dawowa muka hango alamun iyakar harami a gefen titi. Ta ce in tsaya. Na ce Inna babbar hanya ce, ta ce ta ga wuri can gaba. Na gangara gefe na tsaya, manyan motoci suna wucewa suna girgiza mu. Ba ta fita ba. Ta sauke gilashi, zafin la'asar ya shigo, ta zuba wa duwatsun ido.

"Titin ba haka yake ba a lokacin," ta ce. "Amma duwatsun su ne."

Na san kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, na san a Sudan aka haifi Inna, a kan hanya, suna tsayawa suna aikin gona su tara guzuri su ƙara gaba, har suka hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Kowane gida a Hindawiyya yana da irin wannan labari, mun ji shi har mun daina saurara. Abin da ta faɗa a ranar ne ban taɓa ji ba. Ta ce babanta yana da wata wuƙa da yake ɗaurawa a damtse, ƙarƙashin riga. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin ya cire ta ba, da ita yake barci, da ita yake wanka, don hanya ba ta da amana. Tana da shekara shida suka iso nan. Da aka ce musu ga iyakar harami, sai ya tsaya ya kwance wuƙar, ya haƙa rami da ita, ya sa ta a ciki ya mayar da ƙasa, ya taka. Wurin da take ɗaure a damtsensa ya yi fari, ta ce har yau tana ganin farin. Sannan ya zauna a ƙasa ya yi kuka, ya ce musu sun zo inda ba a jin tsoro. Har ya rasu bai sake ɗaura makami ba.

"Auta bai gani ba, a nan aka haife shi," ta ce. "Ni na gani. Ba fatawa nake maka ba, ni ba malama ba ce. Amma da na buɗe akwatin nan na ga abin nan a kwance, sai na ce ashe tafiyar ba ta ƙare ba. Ashe jikansa yana cikin Makka yana jin tsoro." Ta juyo ta dube ni sosai, abin da ba ta cika yi ba. "To gaya min, ya waladi. Me kake tsoro a garin nan?"

Na so in ba ta labarin mai dogon wuya da maganar biro, sai na ji abin ya yi min ƙanƙanta a baki, a gaban duwatsun nan.

"Bindigar dai ba tsoro ba ne, Inna. Wauta ce da son a sani."

"Wannan na gani da idona yau."

"Amma ina da abin da nake tsoro."

"Mene ne?"

"Benen Hindawiyya." Na riƙe sitiyari da hannu biyu. "Shekara uku ke nan, duk lokacin da wayata ta yi ƙara ina wurin aiki sai gabana ya faɗi, in ce kira ne za a ce an tsince ki a ƙasan matakala. Shekaranjiya da na same ki a zaune, ba makulli kike nema ba, Inna. Ni dai shi nake tsoro, ba ni da wani."

Ta mayar da fuskarta wajen duwatsun. Na ga ta kai gefen mayafi wajen idonta, na yi kamar ina duba madubi.

"Ta da mota," ta ce. "Zafi."

Muka wuce iyakar muka shiga gari. Na nufi Hindawiyya. Sai da na kashe mota a ƙofar gida ta ce, tana tattara jakarta, "Ranar Alhamis ka zo da babbar mota. Tukwanena kuma kada wanda ya taɓa, ni zan naɗe su da kaina."

Na zagayo na buɗe mata ƙofa. A gindin benen ta tsaya ta ɗaga kai ta dube shi har sama. Sannan ta miƙo min hannunta, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na girma, muka fara hawa a hankali, ita a gaba ni a baya, don benen ba ya cin mutum biyu.